Neman Cibiyar Ƙwallon Kaka

Ƙacau-ƙacau, ƙarar da gwangwanin madarata ke yi ke nan a kan cinyata lokacin da motarmu ta bar tashar Garwa da ƙarfe biyar da rabi na asuba. A cikinsa akwai 'yan ƙwallayen gilas, waɗanda yaran garinmu ke kira bil. Tun ina firamare nake tara su, ina ɗaga su a rana ina kallon launin da ke cikinsu.

Guda ɗaya ce dalilin tafiyar. Kaka ne ya bar mini ita da zai rasu, mai zare fari da ja a murɗe a tsakiya. Ya ce wani Bajamushe ya ba shi a bakin kogin Binuwai yana yaro, ladan riƙe masa doki. Duk gidanmu ni kaɗai na yarda. Yayyena cewa suke a kasuwa tsohon ya saye ta, ya haɗa mata labari. Da na gama lise, wato sakandare, na ji labarin wani Alhaji Bobbo a Ngawundere, tsohon mai sayar da duwatsun wuya, wai yana gane asalin gilas. Baba ya yarda in je, amma da Goggo Asabe, ƙanwarsa. Tun kwana biyu kafin tafiyar ta karɓe ƙwallon, ta ƙulle a bakin zani, ta ce mai kallon gajimare ba a ba ta ajiya.

Ngong

Ƙarfe bakwai saura muka tsaya a shingen jandarma. Wani dogo ɗan kudu ya ji ƙarar gwangwanin, ya ce in sauko. Ya tambaye ni da Faransanci ko duwatsu masu daraja nake fasa-ƙwauri. Goggo ta fara yi masa bayani da Hausa, ta koma Fillanci, shi kuwa ba ya jin ko ɗaya. Da ya buɗe murfin sai fuskarsa ta saki. Ya miƙa wa abokinsa bindiga, ya durƙusa a gefen kwalta, ya zana da'ira da yatsa, ya harba ɗaya da babban yatsa. Sau uku yana kuskure. Direba na danna oda, fasinja sun leƙo suna ba shi shawara. Sai da ya buga sannan ya sallame mu, bai ko duba katin shaidarmu ba.

Mbe

Nan muka ci doya da mai, farantin sefa ɗari biyu. Goggo ta ce doyar Garwa ta fi, ta kuma ƙara faranti. Daga nan motar ta kama hawan wani dutse mai lanƙwasa, tana nishi kamar tsohuwar saniya. Ni ina kallon kwari ya yi shuɗi can ƙasa, ina tunanin yaro riƙe da linzami. Goggo ta rufe ido tana salati, hannu ɗaya a kan ƙullin zaninta.

Ngawundere

Mun sauka bayan azahar, sanyi ya tarbe mu. Muka kwana gidan wata ƙawar Goggo kusa da tashar jirgin ƙasa. Da hantsi aka raka mu zauren Alhaji Bobbo.

Tsoho ne siriri, idonsa ya yi rauni, da yatsa yake gani. Bayan doguwar gaisuwa ya zazzage gwangwanin a kan buzu. Ya ware masu zane kamar ganye a ciki ya ce na jiya-jiya ne, inji ke zubo su kamar ƙanƙara. Wata koriya mara ado da na raina, ya ce daga wuyan kwalbar lemon zamanin da ta fito. Sannan ya koya mini abin da na zo nema. Na Jamus da hannu ake yanko su daga sandar gilas mai zafi, saboda haka kowace tana da gurbi mai kaushi sama da ƙasa, inda aka yanke ta. Cibiya yake kiran wurin.

Na san ta Kaka tana da kaushin nan. Shekaru ina shafa shi da yatsa.

Goggo ta kwance ƙullin. Alhaji ya juya ta, ya sake juyawa, ya kai ta bakin ƙofa, har da harshe ya taɓa.

"'Yata," ya ce, "cikin nan na tsohuwa ne, amma fatar ta jaririya ce. Ba cibiya."

Na karɓa na shafa. Sumul, ko'ina. Na ce wallahi da akwai.

"To ina ta tafi? Ba na cewa kakanki ya yi ƙarya. Amma ba zan rantse a kan abin da yatsana bai ji ba."

Na juya ga Goggo ta shaide ni. Ita da ba ta taɓa rasa magana ba, sai ta tambayi Alhaji ko nan garin ana samun zuma mai kyau.

Komawa

Washegari muka kamo hanya, muka iso Garwa da la'asar, mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Yayyena suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce cibiyar ma a mafarki na gan ta. Ni kaina na fara shakka. Goggo ta ba ni zumar da ta sayo duka, abin da ya ba kowa mamaki.

Sai bayan shekara tara, ina da aure, na kai ɗan kunne gyara wurin wani maƙerin azurfa a kasuwar Garwa. Da ya gane 'yar gidan wa ce ni, ya tambayi lafiyar Goggo. Ya ce ba ya manta ranar da ta kawo masa wani ƙwallon gilas mai kaushi sama da ƙasa, ta ce za a kai shi gaban manya a wani gari, kuma ba za ta bari a ga kayan ubanta da tabo ba. Wuni guda ya yi yana goge shi. Ya ce har yau yana alfahari da aikin nan.