An Goge Dajin Baba Ummaru

"Ina dajin namu?"

Tambayar da Baba Ummaru ya yi mini ke nan jiya a shagon gem, wato wasan bidiyo, na unguwarmu, nan Mafara.

Manomi ne daga wajen Janbako, shekara biyu rabonsa da gonarsa saboda rashin tsaro. Bai taɓa bugawa da hannunsa ba. Zama kawai yake gefena in ina buga wani gem na labari, wanda mutum ke ratsa daji yana neman hanyar gida. Shi ke nuna mini: "Bi bakin gulbi, ɗana, can mutane ka zama."

Ni kaɗai ke buga shi, kowa ƙwallo yake so. Sai mai shago ya goge shi ya sa sabuwar ƙwallo.

Na ce, "Baba, an goge shi. Ba masu bugawa."

Ya kalli talabijin ɗin ya ce, "Ashe nan ma an hana mu shiga. Ko gida ba mu kai ba."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ban ga laifin mai shago ba, abin da ake nema yake ajiyewa. Mu masu son irin waɗannan wasannin ne muka yi shiru.

Don Allah, akwai mai irin wannan gem ɗin a cikinku? So nake in kai tsohon nan gida.