Batula da Kuɗin Bazara

A unguwarsu da ke Kebbe, kowa ya san Batula matar Ladan ba ta karɓar abu sai ta juya shi ta duba gindinsa. In mai manja ya auna mata, sai ta ɗaga kwalbar sama ta leƙa. In dillaliya ta shigo da atamfar anko tana cewa a ɗauka a biya bayan kaka, Batula kan ce mata ta sha ruwa ta gaida gida. 'Yar Sanyinna ce, ta taso a gidan da hatsi ya taɓa ƙarewa ana tsakiyar damina, kuma ba ta manta ɗanɗanon tafasa ba gishiri ba.

Mijinta manomi ne. Da an gama kai amfani gida yakan tafi Ibadan cin rani, yana sayar da albasa, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Gidan kuwa, da 'ya'ya biyar da tsohuwarsa Inna, yana hannun Batula. Ita ta san damin da za a fitar daga rumbu da wanda ba a taɓawa sai an shiga noma. Abin da ta fi tsoro shi ne bazara. A lokacin ne bukukuwa ke yawa, yara na kukan ƙanƙara da zoɓo, ga mangwaro, ga gudummawa, ga masu sayen hatsi suna bi gida-gida da kuɗi a hannu. Ta ga maƙwabta da yawa sun sayar da gero a bazara don ɗinkin biki, sun dawo suna sayensa da tsada a damina. A gidanta ruwan randa ake sha, kuma ita da kaya ɗaya take zuwa kowane biki.

Batula ba ta da asusun banki, don haka Ladan ta hannun ƙanensa Ɗanmaliki yake turo kuɗin cefane. Ɗanmaliki ɗan kabu-kabu ne, yana jigila tsakanin Kebbe da Tambuwal, kuma a gidan yake cin tuwon dare tun bai yi aure ba har bayan ya yi.

A bazarar bara kuɗin suka fara zuwa a gutsure. Da farko ta ɗauke kai. Da abin ya maimaitu, ta tare shi a bakin zaure.

"Ɗanmaliki, wanga shi na duka abin da wanka ya turo?"

"Shi na, Yaya," ya ce, yana goge madubin babur, bai ɗago ba.

Rashin ɗagowar nan ya tsaya mata a rai. Ta kira Ladan a waya ta tambaye shi nawa ya turo. Ya ce kasuwa ba daɗi, ta yi haƙuri, sannan ya shiga tambayar lafiyar awaki. Shi ma bai faɗi adadi ba. Daga nan ta fara lura. Ta ga sabuwar taya a babur ɗin Ɗanmaliki. Ta ga matarsa Zulfa da sabon mayafi a wurin suna. Ta rage man miya, ta daina sayen sabulun wanka, kowa ya koma na wanki. Tuwon Ɗanmaliki ma ya fara ƙanƙancewa a kwano.

Sai maƙwabciyarta Asma'u ta dawo daga kasuwar Tambuwal ta ce ta gan shi a wani shago bayan 'yan hatsi yana miƙa wa mai shagon kuɗi, ba kaɗan ba.

Batula ta nemi izinin Inna na zuwa gaida goggonta a Tambuwal. Ba ta hau babur ɗin Ɗanmaliki ba, wani ta tsayar. Rana ta dake ta, hanya ta jijjige ta, kuɗin babur ɗin kansa yana ci mata rai. Ta sami shagon, na takin zamani ne da maganin feshi. Ta gaida mai shagon, wani dattijo mai furfura, ta ce ita matar Ladan ce na Kebbe.

"Ai ga kayanku can," ya ce, ya nuna mata buhunan taki a jingine a lungu, an rubuta sunan Ladan da shuɗin fenti. "Kaɗan-kaɗan ƙanensa ke kawo kuɗin, kafin ruwa ya sauka kuɗin taki ya tashi. Saura kaɗan ya cika."

Ba ta yarda nan take ba. Ta sa ya kwance bakin buhu ɗaya, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta damƙo na ƙasa ta murza, ko an haɗa da yashi. Taki ne tsantsa.

A zauren goggonta ta sake kiran Ladan. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Malam, na ga taki. Don mi anka ɓoye mini?"

Ya ce, "Batula, ban taɓa ganin kin ɓarnatar da ko ƙwaya ba. Amma wanki Siddiƙ in ya zo daga Sanyinna ya zauna yana share hawaye, ba ki iya ce mishi babu. In kin san akwai, shi ma zai sani."

Gaskiya ne, a bazarar bara waccan ta ba Siddiƙ dami biyu na gero, tana zaton ba wanda ya lura. Ashe ita da take sa wa kowa ido, an daɗe ana sa mata. Ta ce masa daga yau duk abin da za a rage, a faɗa mata, ita za ta san yadda za ta yi da ɗan'uwanta. Ya ce to.

Labarin zuwanta shagon ya riga ta isa Kebbe. Ɗanmaliki ya daina shigowa cin tuwo. Ta aika masa da fura mai nono, aka dawo da ƙwarya da godiya, shi bai zo ba. Siddiƙ kuwa ya zo kafin ruwan farko, ya zauna, ya yi bayaninsa. Ta ba shi abinci da kuɗin babur, ta ce rumbu na mai shi ne. Bayan ya tafi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ladan ya dawo, aka zuba taki, gero ya yi kyau. Sai da aka fara cin tumu Ɗanmaliki ya koma zama a tabarmar gidan. Amma da Ladan ya sake tafiya cin rani, in Ɗanmaliki ya kawo kuɗi ba ya miƙa wa Batula sai a ɗakin Inna, tsohuwa na kallo, ya kuma kunna mata muryar wansa a waya ta ji da kunnenta. Inna ta ce hakan ya fi. Batula ma ta ce ya fi. Sai dai har yanzu ba ta yanke ba ko don a zauna lafiya yake yi, ko don ya riƙa tuna mata zargin da ta yi masa.