Tumatirin da Na Dangwala

Shekarar da na gama sakandare aka yi bikin ƙawata a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, lokacin da kwandunan tumatir suka cika bakin titi. Angon ɗan birni ne, abokansa kuma suka zo da abin da ba mu taɓa gani ba, wato mai zane. Ranar wuni bayan la'asar ya kafa farin ƙyalle jikin katako a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfa. Baban amarya malami ne, ya aiko cewa kada a zana fuskar kowa. Sai mutumin ya zana gona. Muna tsaye kanal na ban ruwa ya fito a jikin ƙyallen da ruwansa, kunyoyi suka jeru, ganye ya yi kore shar, amma babu tumatir ko ɗaya.

"Ku za ku sa 'ya'yan," in ji shi, ya miƙo faranti da jan fenti.

Kowace ta tsoma babban yatsa ta dangwala. Wata gwaggo ta ce, "Au, ashe zaɓe aka kira mu!" Aka kwashe da dariya. 'Yan mata duk suka cunkushe nasu a tsakiya. Ni da iyayi sai na sunkuya na sa nawa can ƙasa, shi kaɗai, a bakin kanal.

Ina ɗagowa na ga mutum a bayana. Wani dillalin tumatir ne da ya daɗe yana aike gidanmu ana sallama da ni, ina ƙin fita. Bai dube ni ba, ƙyallen yake kallo.

"A nan kika sa naki?" ya ce.

Na gyara hijabina na bar wurin.

Da na koma gida kakata ta kama hannuna ta juya shi. Ita ce mai binne gashin da na taje, mai hana mu zubar da farce a tsakar gida.

"Sawun ƙafa ma ɗiba ake yi a kai wa boka, a juya wa yarinya zuciya," in ji ta. "Ke kuma kin miƙa na hannu da kanki. Bokon ke nan?"

"Kai, Iya, fenti ne fa."

Dariya na yi, amma sai da na wanke yatsan da kananzir har ya yi zafi. Jan bai fita daga ƙarƙashin farcen ba. Washegari na ji a wajen ɗiban ruwa cewa a motar dillalin aka ɗauko mai zanen daga Kano, a cikinta kuma aka mayar da shi, da ƙyallen. Tun daga nan abinci ya daina wuce mini.

Da muka je ganin ɗakin amarya a Kumbotso, na ɓoye reza a cikin hijabi. Zanen yana rataye saman gado. Na bi kanal ɗin da ido har ƙasa. Inda tumatirina yake, rami ne, ana hango bango.

"Wallahi haka aka kawo shi," in ji amarya. "Na ɗauka ɓera ne."

Wane ɓera ne yake yanka kusurwa huɗu?

Na iske Iya tana yanka tumatir za ta shanya. Na faɗa mata. Ko wuƙar ba ta ajiye ba.

"Ni na cire, 'yar nan. Kafin a naɗe ƙyallen na je da rezata, na yanke na jefa a murhu. Je ki ci tuwo."

Na ji sanyi har tafin ƙafa. Har na miƙe, sai na juyo.

"Iya, a ina kika same shi?"

"A tsakiya mana, cikin na ƙawayenki."

Ni kuwa a ƙasa na sa nawa, a tsakiya kuma ban ga rami ba. Na ce to, na gode. Na ci tuwon a gabanta don hankalinta ya kwanta.

Yanzu kullum in na idar da sallar asuba nakan tofa addu'a a yatsan, sannan in tambayi zuciyata ko ta fara son mutumin nan. Har yau tana cewa a'a. Sai dai shekaranjiya ina shara na ji ƙarar motarsa a kan hanyar kanal, ban san lokacin da na ajiye tsintsiyar ba, sai ganina na yi a zaure ina leƙe.