Sunayen da na ba inji ya cinye

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, ana rufe wannan ana rage wancan, ina aiki a wata 'yar cibiyar ba da shawara a Gorton, nan Manchester. Aikina cike wa mutane fom da rubuta musu wasiƙa. Amma labarin nan ba na aiki ba ne. Na wani littafin rubutu ne mai shuɗin bango, irin na 'yan makaranta, wanda na lalata da hannuna.

Mu mutanen kudancin Kaduna ne, a coci muka tashi, mahaifina har ya rasu dattijon ikilisiya ne a ƙauyenmu. Ni ne kuma a gidanmu na fara shiga cikin waɗanda ake kira 'yan Mormon, tun ina ɗalibi a unguwar Hulme ta Manchester, ina fama da sanyi da kaɗaici. Mutanen sun karɓe ni hannu bibbiyu, ba zan hana su wannan shaidar ba. Ni kuwa halina ne idan na kama abu sai na wuce masu shi. Ban huta ba sai da na jawo ƙanwata, wadda ke aikin jinya a Birmingham. Tana ja da baya, ina hawa bas ina kai mata ƙasidu har unguwarsu ta Aston. A ƙarshe ta shiga, ta kuma auri ɗan cocin, wani mutumin Gana mai sanyin hali.

Suna da wata al'ada da ya kamata in bayyana. Mutum yakan tattara sunayen kakanninsa da suka mutu ya kai haikali, a yi wa rayayye baftisma a madadinsu. A koyarwarsu mamacin ne zai zaɓa a lahira, ya karɓa ko ya ƙi. Saboda haka da mahaifiyata ta zo Birmingham wankan jegon ƙanwata na fari, sai na sayi littafin nan, duk Asabar ina can. Na ce wa Mama tarihi nake rubutawa, sauran bayanin na haɗiye abina.

Mama ba ta yi boko ba, amma kanta ya fi littafina riƙe abu. Tana dama kunun gyaɗa tana zubo sunaye, ni kuma ina bin ta da biro kamar ɗan aji ɗaya.

“Rubuta,” in ji ta. “Wannan kakar babanku ce. Ita ta sauko da dutsen niƙa a ka daga kan tsauni, shekarar da mutanenmu suka bar gidajen sama. Maza suka ce ta bar shi, za a sami wani a ƙasa. Ta ce ba ta san ɗanɗanon garin wani dutse ba. Ka rubuta sunanta da kyau, kada ka Turance mini shi.”

Muka yi dariya, ƙanwata tana gefe tana shayarwa tana saurare. Kafin wata shida su cika na rubuta kaka bakwai ta wajen uba, biyar ta wajen uwa, da wanda ya auri wa, da inda aka binne kowa. Ranar da muka gama Mama ta dafa bangon littafin ta ce, “Ka riƙe shi da kyau. 'Yan'uwan babanku duk sun tafi, ni kaɗai na rage da na san waɗannan.”

Bayan shekara biyu na bar cocin. Na yi karance-karance a kan tarihinsa, musamman zamanin da ba a ba baƙar fata matsayin firist, wato limancin cocin, na yi tambayoyi, amsoshin ba su gamsar da ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasu da muke cin abinci a kwano ɗaya suka fara cewa na koma maƙiyi. Duk tambayar da na yi sai a ce ƙiyayya ce. Wani da nake girmamawa ya hango ni a kasuwar Gorton ya sauya hanya. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau ban ga laifina a tambayar ba.

Sai na faɗa wani zaure na intanet na waɗanda suka fita. Akwai mutanen kirki a ciki masu ɗauke da raunuka na gaske, akwai kuma masu ba'a daga safe zuwa yamma. Ku yi hasashen layin da na shiga. An rage mini kwanakin aiki, ga lokaci, ga haushi. Da zafin da na shiga, da shi na fita, har da ƙari.

Wata Lahadi da rana na kai wa ƙanwata ziyara. Ta yi tuwo da miyar kuka, na ci na ƙoshi. Muna zaune, mijinta da yaransu biyu na wurin, sai ta ce, “Yaya, littafin nan na Mama, ka kawo mini shi mana in za ka sake zuwa.”

“Don ki kai kakanninmu ruwan baftisma?”

“Ban ce haka ba.”

“Ba sai kin ce ba, ai ni na koya miki. Baba ya yi baftismarsa a rafin ƙauyenmu, ya mutu a kan bangaskiyarsa. Ba wanda zai sake tsoma shi.”

Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma bakina ya riga ya ɗauki zafi. Na ce an wanke musu ƙwaƙwalwa. Na ce ina mamakin mace mai digiri, wadda ake ba ta ran mutane a asibiti, ta zauna ana kaɗa ta kamar tunkiya. Na nuna yaran na ce su nake tausayi, an haife su a cikin ƙungiyar asiri. Mijinta ya kama hannun yaran ya shige ɗaki da su.

Ƙanwata ta ce a hankali, “Yaya, wannan fa ƙyama ce.”

“Kullum maganarku ke nan. Duk wanda ya faɗi gaskiya sai ku ce yana ƙyamarku. Su wa suka daina gaishe ni? Su wa ke sauya hanya in sun gan ni?”

“Ni na daina gaishe ka? Tuwon wa ka ci yanzu?”

Na ɗauki jakata na kama hanyar tasha.

A makon ne aka rufe cibiyarmu, council, wato hukumar gari, ta janye tallafi. Aikinmu na ƙarshe shi ne zuba tsofaffin takardun mutane a injin da ke yayyanka su. Ranar Laraba na taho da littafin daga gida. Na cire bangon, na riƙa ba injin shafi biyu-biyu, yana ja yana ƙara. Bai kai minti uku ba. Na ɗauki hoton zaren takardun na sa a zaure, na rubuta cewa na ceci kakannina. Aka yi ta yaba mini, wasu daga Amurka har suna kira na jarumi, mutanen da ko suna ɗaya daga ciki ba za su iya furtawa ba. Na tura wa ƙanwata hoton, ba ta amsa ba.

A raina na ce ai Mama na nan, duk ranar da na je gida sai in sake tambayarta. Wata biyar bayan haka ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. In an kira ta a waya sai dai a ji numfashinta. Shekara na zagayowa ta rasu. Muka je gida jana'iza ni da ƙanwata a jirgi daban-daban, muka gaisa kamar surukai, muka dawo. Haka muka zauna wajen shekara biyu.

'Yata ce ta karya abin, ba da saninta ba. Tana da shekara takwas aka ba su aikin gida, kowa ya zana bishiyar danginsa iya inda ya sani. Ta shimfiɗa takarda a teburin kicin, ta zana akwatuna har sama, ta ce da Turancinta na Manchester in cike mata, tunda ta ji ina cewa mu muna da asali. Na rubuta Baba, na rubuta mahaifinsa, na rubuta wani da nake zaton kakansa ne. Biro ya tsaya. Na san akwai sunayen, na ji su, hannuna ya taɓa rubuta su, amma babu. Ta ce, “Daddy, shi ke nan?” Na ce bari in sha ruwa, na shiga banɗaki na yi kuka.

Asabar ɗin na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Ƙanwata ta buɗe ƙofa ta dube ni, ta ce, “Ka ci abinci?” Muka zauna a kicin, na ba ta haƙuri ba tare da “amma” ba, abin da ban saba ba. Sai na tambaye ta abin da ke cina, ko ta yi wa Baba baftismar.

“Yaya, sunan Baba ai na san shi. Me zan yi da littafi? Da zan yi, da na yi tuntuni. Na tambayi Mama ta ce a bar shi, kai ma ka ce a bar shi, na bar shi.”

“To me za ki yi da littafin?”

Ta kalli falo, inda autarta ke wasa. “Ina da cikin wannan a lokacin, wata biyu, ko ubanta ban gama gaya masa ba. Na ce in mace ce zan sa mata sunan matar nan ta dutsen niƙa. Na manta sunan.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ba zan yi maka ƙarya ba, da ka bar mini shi wataƙila wata rana in so in kai wasu sunayen. Amma da sai na tambaye ka.”

Muka kwashe yammacin muna ƙoƙarin tunowa. Ita ta ce da “ka” ya fara, ni na ce da “ku”. Muka kira wani ƙanen Mama a gida, ya ce wannan ai dangin mijinta ne, shi ina zai sani. Sunaye huɗu muka iya haɗawa, biyu ma ba mu da tabbacinsu.

Ban koma cocin ba, ita ma ba ta fita ba. Har yanzu mukan yi gardama. Takan ce ina zuzutawa, nakan ce tarihi ba ya goguwa don ba a son jin sa, mijinta ya kawo mana lemo ya gudu. Ina nan a kan bakana cewa tambaya ba ƙiyayya ba ce, kuma wanda ya sauya hanya a kasuwa bai kyauta mini ba. Hana ta littafin ma zan iya kare kaina a kai. Abin da ba zan iya karewa ba shi ne yadda na zauna a gidanta, da tuwonta a cikina, na daina ganin ƙanwata, sai “su” kawai nake gani. Ta ce mini “ban ce haka ba”, ban ko tsaya na ji me za ta ce ba, don na riga na yanke cewa mutum irinta ba shi da tunanin kansa. Abin da aka yi mini a kasuwa shi na je na yi mata a falonta, a gaban 'ya'yanta. Ina jin kunyar wannan har yau.

Takardar 'yata tana nan a cikin akwatina. Malamarsu ta sa mata tauraro, ta ce ta yi ƙoƙari. Akwatunan sama duk fari ne, sai guda ɗaya da na cike da hannuna bayan na dawo daga Birmingham. Wurin suna ne, amma abin da na rubuta shi ne: matar da ta sauko da dutsen niƙa.