Saifuddeen Masanin Damina

Saifuddeen ya taɓa yin sharar wata uku a ofishin auna ruwan sama, shi ke nan ya naɗa kansa masanin damina a Godogodo, alhali ko kunya ɗaya bai taɓa nomawa ba.

A watan Maris na 1992 aka yi ruwa sau ɗaya. Ya bi gida-gida yana cewa, "Ku shuka masara, damina ta sauka!"

Iya Ladi mai citta ta ce masa, "Ɗana, ruwan yaudara ne, zafi bai ƙare ba."

Ya yi mata dariya. Rana ta yi mako huɗu tana ƙuna, shukar duk wanda ya bi maganarsa ta bushe. Da suka zo masa a fusace, sai ya taɓe baki ya ce irinsu ne marar kyau.