Hannun da Baba Ya Ɗaga a Majalisar Jami'a

Jiya ɗana Nura ya kammala jami'a, sai na tuna Baba, dattijon malamin jami'ar da ke sayen taya a shagona a Dutse. Shekarar da majalisarsu za ta yanke ko a kori ɗaliban da suka faɗi jarrabawa, har da Nura, na same shi a bencina yana ɓare soyayyiyar gyaɗa, ƙamshinta ya danne warin roba.

Na ce, "Baba, ku sa baki mana."

Ya yi dariya. "Alhaji, can ba a ciniki. Hannu ake ɗagawa."

A ƙarshe ba a kore su ba, aka ƙara musu shekara. Na tambaye shi wane ɓangare ya ɗaga wa hannu, sai kawai ya miƙo mini gyaɗa. Har yau ina son sani. Ko wanne ne, Allah Ya haskaka kabarinsa.