Laimar Baba Audu

Har gobe ban manta da daminar da muka cinye laimar maigidanmu ba. Ku matso, yaran rumfata masu ƙorafin babu kayan aiki.

Lokacin ni ne babban yaro a rumfar Baba Audu masassaƙi a Kankara. A sana'armu yara ke fafe ice da gizago, babban yaro ya gyara da wuƙa, zane kuwa na maigida ne shi kaɗai. Wani Alhaji daga Ruwan Godiya ya kawo tsohuwar sandar mahaifinsa da gara ta ci, yana son a yi masa irinta sak, da zanen nan siriri kamar kitso. Ya ce in ba za mu iya ba mu faɗa, ya kai Funtuwa. Maganar nan ta ƙona wa Baba rai, don shi ne ya sassaƙa ta farkon da ƙuruciyarsa.

Ana fara zane, ɗan ƙarfen da Baba ke yi da shi, mai baki kamar kwararo, ya karye.

Na hau mashin na bazama nema. A Faskari aka miƙo mini cizal ɗin kafintoci, faɗinsa ya kai yatsa biyu. A Sabuwa da na kwatanta ƙanƙantar abin, mai shagon ya tambaye ni ko sakace zan yi. Sai a Damari wani maƙeri ya gama yi mini dariya, sannan ya ce ba a sayar da shi, ƙarfen laima ake wasawa, don dama da kwararonsa. Amma fa sai laimar da, ta yanzu ƙarfenta lanƙwashewa yake yi.

Duk unguwarmu mutum ɗaya ke da irinta: Baba. Daga Makka ya zo da ita, ko liman ba ya ara wa.

Na dawo na tsuguna gaban Baba ina ta kewaye-kewaye, ina satar kallon laimar da ke jingine a bayansa. Ya harare ni.

"Sani, mi kake kallo a bayana?"

Na faɗa masa. Kai, na sha faɗa ranar! Ya ce ni da maƙerin duka ba mu da tarbiyya. Sai ya juya sandar Alhaji a hannu, ya sake juyawa. Can ya ɗauko laimar, ya buɗe ta, ya ɓalle ƙarfe ɗaya da hannunsa.

"Ungo. Ba za a ce a Funtuwa aka ƙarasa aikina ba."

Ɗaya bai isa ba. Na lalata biyu wajen wasawa, na uku ya yi. Da Alhaji ya zo karɓa, ya bi zanen da yatsa, idonsa ya ciko, ya ce kamar tsohon ne ya dawo. Baba kuwa ya ƙarasa daminar da buhu a ka, maƙwabta suka riƙa rufe laimarsu in za su wuce rumfarmu, wai kada mu cinye tasu ita ma.

A nan na gane cewa masassaƙi na gaske zai yarda ya jiƙe, amma ba zai yarda aikinsa ya fita da kunya ba. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wannan ɗan tsinken da ɗayanku ya share jiya ya kusa zubarwa a bola, shi ne na ukun.